Yadda Ake Hawa Kilimanjaro Ta Hanyar Marangu, Daga Masauki Zuwa Masauki

Mu mutanen Accra a bakin teku muke zaune, kuma dutsen Afadjato na Ghana da muke alfahari da shi bai kai mita 900 ba. Ƙololuwar Kilimanjaro a Tanzaniya, wadda ake kira Uhuru, mita 5,895 ce. A can, iskar oksijin da numfashi ɗaya ke kawo maka kusan rabin ta unguwar Nima a Accra ce. Saboda haka duk shirin da za ka yi, ka gina shi a kan haƙuri. Gaggawa ta fi rashin ƙarfi mayar da mutane baya.

Da farko ka je wurin likita, kafin ma ka tambayi kuɗin jirgi. A duba jininka, domin mai sikila, har da wanda yake ɗauke da ita bai taɓa ciwo ba, yana iya shiga haɗari a irin wannan tsawo. Ka tambaye shi batun Diamox, maganin da ke taimaka wa jiki ya saba da tsawo, ka kuma nemo katinka na rigakafin shawara, don ana neman sa wurin matafiyi daga Ghana.

Sai horar da ƙafa. Wata biyu ko uku, duk Asabar bayan Asuba ka shiga sahun masu tattaki daga Ayi Mensah zuwa Peduase, da jaka a baya da takalmin da za ka hau dutsen da shi. Takalmi dai sabo ka saya ka sa shi ya saba da ƙafarka. Rigar sanyi mai kauri, safar hannu da hular ulu kuwa, kasuwar Kantamanto ta ishe ka. Jakar barci ana bayar da hayarta a Moshi, garin da ke gindin dutsen.

Lokaci mai kyau shi ne Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu damina ce. Ka kauce wa watan azumi, domin lita uku zuwa huɗu na ruwa ake so ka sha kullum. Jirgi kan bi ta Addis Ababa ko Nairobi.

Doka ba ta yarda a shiga gandun dajin Kilimanjaro ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba, don haka ta hannun kamfani za ka bi. Marangu ce kaɗai hanyar da ake kwana a ɗaki maimakon tanti, kuma gadajen ƙidayayyu ne, sai an kama da wuri. Za a ba ka zaɓin kwana 5 ko 6. Don Allah ka ɗauki 6. Kuɗin kwana ɗayan da kake son ragewa shi ne yake sa mutum ya juyo yana amai alhali ƙololuwar na gabansa. Tun a nan ka faɗa musu abincin halal kake ci.

Ranar farko ana ratsa kurmi mai laima zuwa Mandara, kimanin mita 2,700. Ɗakunan katako ne masu rufi kamar dala, gado kan gado, da katifa. Rana ta biyu itatuwa su ƙare, a isa Horombo, mita 3,720, inda za ka leƙa ka ga gajimare a ƙarƙashinka. Nan ake ƙara kwanan nan na shida: da safe a hau zuwa Zebra Rocks, a dawo a kwana, jiki ya saba. Daga Horombo sai fili fetal na tsakuwa tsakanin ƙololuwoyin Mawenzi da Kibo, ba ciyawa ba inuwa, har masaukin Kibo mai ginin dutse, kusan mita 4,700.

A duk waɗannan ranaku ka bi takun ɗan jagora, ko da ka ga kamar tafiyar rakiyar amarya ce. Idan ba ka iya hira kana tafiya, ka yi sauri da yawa. Ka ci abinci ko ba ka jin yunwa. Dabino da gyaɗa a aljihu suna taimakawa. Matafiyi ne kai, kana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli, kuma ka tambayi malaminka hukuncin taimama tun kana gida, domin ruwan Kibo 'yan dako ne ke hawa da shi, sanyinsa kuma yana ƙona yatsa.

Daren hawan ƙarshe shi ne mai wuya. Ana tashi wajen tsakar dare da tocilan a goshi, ana zagaya tsakuwa mai zamewa cikin sanyin da ke daskarar da ruwan gora, don haka ka sa gorar cikin riga. Da ketowar alfijir ake isa Gilman's Point a bakin ramin da ke saman dutsen, daga nan kuma awa ɗaya zuwa biyu sai Uhuru. Ɗan ciwon kai ba abin mamaki ba ne. Amma idan ya ƙi jin magani, ko kana tangaɗi, ko hankali ya fara rikicewa, ko kana haki da tari alhali a zaune kake, ka faɗa wa ɗan jagora nan take. Maganinsa sauka, kuma idan ya ce a juya, kada ka ja da shi.

A ranar ake gangarowa har Horombo, washegari a fita ƙofar Marangu a karɓi takardar shaida. Ka ware kuɗin ihsani na 'yan dako, mai dafa abinci da 'yan jagora tun daga Accra, ka tambayi kamfanin adadin da aka saba bayarwa, sannan ka miƙa wa kowa nasa a hannunsa.