Yadda ake zana taswirar wuraren da ambaliya ke ci a ƙaramin gari

Yawancin sabbin shiga da kwamfuta suke farawa. Su sauko da bayanan tsayin ƙasa na SRTM, waɗanda aka auno daga sararin samaniya, su buɗe manhajar zana taswira ta QGIS, su shafa wa kwari shuɗi, wai an gama. A garuruwan kwarin kogin Haɗeja irin su Ringim da Auyo, wannan taswira ba za ta fisshe ka ba. Kowane ɗigo na SRTM faɗin mita 30 yake ɗauka, kuskuren tsayinsa kuma yakan kai mitoci, alhali a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa rabin mita ne tsakanin gidan da ya tsira da wanda ya rushe. GPS na waya ma haka yake: ka karɓi wurin da ya nuna maka, ka watsar da tsayin.

Da ƙafa ake farawa, kuma da kaka, kafin mutane su yi yaɓe su rufe shaidar ruwa. Ka bi ta wurin hakimi ya haɗa ka da masu unguwanni, sannan ku bi lungu-lungu kuna neman layin da ruwa ya bari a jikin bango. A kowane gida tambaya uku ce: wace shekara, kwana nawa ruwan ya kwanta, ta ina ya shigo. Kada ka cakuɗa shaidar 2020 da ta 2022, kowace da shafinta. Tambayar ƙarshe ta fi nauyi, domin ruwan da kogi ya amayo bayan ciyawar kachala ta toshe masa hanya daban ne da ruwan saman da ya rasa mafita saboda an cike kududdufi an yanka filaye. Maganinsu ma ba ɗaya ba ne.

Wajen awo aka fi yin ɓarna. Wani zai rubuta "ruwa ya kai gwiwa", ya manta gidan a kan tudu yake. Dole kowace shaida a auna ta daga wuri guda da ba ya motsi, kamar kan kwalbatin siminti. Nan ne sifilinka. Ba sai ka yi hayar na'urar masu awon fili ba in kuɗi sun yi ƙaranci, tiyon nan mai garai-garai da magina ke daidaita gini da shi ya isa. Ku cika shi da ruwa, ku fitar da kumfa tsaf, mutum biyu su riƙa ɗaukar tsayin daga sanda zuwa sanda. In kun zagaye unguwa, ku dawo kan sifilin. Idan lissafi bai koma daidai ba, a sake zagayen, babu zancen gyara da biro.

Sai yanzu za ka koma kwamfuta. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-1 kyauta ne, kuma gajimare ba ya tare su, sun dace da gonaki da fadama, amma cikin cunkoson gidaje ba sa gani sosai. Ɗora wurarenka a kai, ka raba garin launi uku gwargwadon yadda ruwa ke cin kowane wuri. Ja, inda ba za a sake yanka fili ba, a bar shi ga noman rani ko filin ƙwallo. Rawaya, gini sai da dogon tushe da magudana. Kore, nan asibiti da makaranta za su zauna. A buga babba, kwafi ɗaya a fadar hakimi, ɗaya a sashen filaye na ƙaramar hukuma, kafin a soma rabon filaye na gaba.