Kafin ka ɗora wa ƙofa filen a watan Agusta

Duk shekara idan damina ta yi nisa wayata ba ta hutawa, kuma kukan ɗaya ne: ƙofa ta ƙi rufuwa. Ni kafinta ne, amma ba mai shagon gado da kujeru ba. Shekara 19 ke nan ina kula da gidajen da aka riga aka gina a Kano: na haya guda uku a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗaya a Fagge, da wani tsohon gida wajen Mandawari da har yanzu soronsa rufin azara ne. Yaran da ke bi na aiki nake rubuta wa wannan, da masu gidan da ke kiran irinmu.

Katako yana shan danshi ya kumbura a Yuli da Agusta, hunturu na shigowa kuma ya bushe ya motse. Sabon kafinta da ya zo sai ya zaro filen, wato abin fere katako, ya hau fira. Ni ma na taɓa yi. Na fere ƙofar ɗakin wata Hajiya har ta riƙa rufuwa sumul, ta biya ni, ta sa mini albarka. A Janairu ta aiko yaro. Ina shiga ta ce, "Malam kafinta, zo ka ga aikinka." Yatsana yana shigewa tsakanin ƙofa da firam, ƙura da sanyi na kwarara mata ɗaki, harshen makulli ma ya daina kaiwa raminsa. Da kuɗina na sayi siririn katako na liƙa a gefen.

Don haka ka fara da hinjis. Buɗe ƙofar rabi, ka kama ta wajen mariƙi ka ɗaga sama. In ta yi motsi, sukurori ne suka saki, kuma galibi na hinjin sama, shi ya sa gindinta ke jan ƙasa ta ɓangaren makulli. Ka ɗaure su. In sukurun yana ta juyawa bai kama ba, ramin ya cinye: cusa tsinken ashana uku ko huɗu da gam, ka bari ya bushe, ka mayar da sukuru mai ɗan tsawo. Sau da yawa a nan aikin yake ƙarewa. In hinjis lafiya suke, goga alli a bakin firam, ka tura ƙofar, ka buɗe. Inda allin ya fito a jikinta, nan kaɗai za ka taɓa, kuma da samfefa tukuna. Wurin da ka goge ka shafa masa fenti, ka haɗa da saman ƙofar da ƙasanta. Masu fenti ba sa taɓa waɗannan wurare biyu tunda ido ba ya kai wa, alhali ta nan danshi ke shiga, musamman ƙofar banɗaki.

Rufi kuwa a Maris ko Afrilu ake duba shi, kafin iskar farkon damina da ke yaye kwano a unguwanni. Taswirar ruwa da ka gani a silin ba lallai a saitinta hudar take ba, domin ruwa yana bin rafta, wato katakon da ke ɗauke da rufin, ya yi tafiya kafin ya ɗigo. Ka kashe wutar gidan daga mita, ka shiga cikin silin da sassafe, don da rana ta ɗaga wurin ya zama tanda. Kashe tocila ka ɗaga kai: duk inda haske ya ɗigo kamar tauraro, huda ce. Ƙafarka a kan katako kawai, kada ka yarda ka taka allon silin. A saman kwano ma layin ƙusa za ka bi, nan ne akwai katako a ƙasa. Ƙusar da ta ɗago ka zare ta, ka buga sabuwa mai hula a tudun kwanon, ba a kwarin da ruwa ke gudu ba, tsohon ramin kuma ka rufe shi da Flashband, wato tef mai kwalta da ake liƙe yoyon rufi da shi. Kafin ka sauko ka duba langalangar da ta ɗaure katakon rufin da bango. In ta yi tsatsa ta tsinke, komai yawan ƙusarka rufin gaba ɗaya iska za ta ɗauka.

Gara ita ce ke ba ni haushi, don tana cinye ciki ta bar maka fenti a tsaye kamar ba abin da ya faru. Ƙwanƙwasa firam da ƙotar guduma. In ya yi amo kamar ƙwarya, danna sukundireba, za ka ga ta nutse. Ka yanke har ka wuce inda ta ci, ka shafa wa sabon katakon Solignum, wato maganin gara na katako, kafin ka kafa shi. Baƙin mai da ake haɗawa da shi ina sa wa rafta, amma ban da inda za a yi fenti, don fentin ba zai kama ba. Sannan ka bi hanyar ƙasar da ta gina a bango ka ga inda ta fito. Sau tari famfo ne ke yoyo a kusa, kuma in ba a kira mai gyaransa ba, baɗi war haka kana nan kana sake aikin. Azarar giginya gara ba ta cika damunta ba, sai dai bakinta ya ruɓe inda indararo ya toshe ruwa ya kwanta, kuma wannan da magini ake yinsa.

Sayen katako a 'Yan Katako na Na'ibawa, je da tef ɗinka, domin ba kowane tu-bai-fo, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu, ne ya cika sunansa ba. Yawanci daga kudu ake kawo shi, wani da danshinsa. Ɗaga ka ji nauyi, ka kanne ido ɗaya ka hango tsawonsa ko ya karkace. Ɗanye ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya sha iska. Katakon obece yana da sauƙin aiki amma ƙwari na son sa, don haka firam na fi so da madaci ko iroko in aljihun mai gida zai ɗauka.

Gidan aure ka yi sallama ka tsaya a soro, yaro ya shiga ya sanar, sai an ce ka shigo. Ruɓaɓɓen katakon da ka cire kada ka zubar. Akwai wani Alhaji da ba ya sakin kuɗin kaya sai ya gani da idonsa, shi ya sa nake ɗaure masa guntun a bayan babur in kai masa har shago. Ya kan murza shi da yatsa ya zama gari, ya ce, "To, nawa ne?"