Darasi na 9: Auna Shan Man Mota Kafin Ka Saya

Duk wanda ya taɓa zuwa wurin masu sayar da mota ya ji wannan magana: "Alhaji, ai wannan ba ta shan mai, sansanawa kawai take yi." Haka dillali zai ce ko Corolla ce, ko Golf, ko 'yar ƙaramar Picanto. A da ana iya dariya a wuce. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lissafi ya sauya. Litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta ci gaba da hawa.

Kamfani yakan rubuta yawan man da motarsa take sha. Kada ka dogara da wannan adadi. A ɗakin gwaji ake samo shi, da sabuwar mota dal, ba rami, ba mutum biyar a ciki da buhun shinkafa a but. Wadda za ka saya kuwa wataƙila ta shekara goma sha biyar a Turai ko Amurka kafin ta sauka Kwatano.

Tuƙin cikin gari kuma daban yake da na babbar hanya. Daga Kano zuwa Zariya mota tana hawa babbar giya ta miƙe, mai kaɗan take buƙata. Amma ɗauki mai fitowa daga Kurna zuwa Kantin Kwari da safe. Ya taka totur, ɗan adaidaita ya sha gabansa, ya taka birki. Ya tsaya a danja, inji yana aiki, esi a kunne, mota ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Tayar da mota daga tsaye shi ya fi cin mai, shi kuwa zai yi haka sau da yawa kafin ya isa. Gajeriyar tafiya ma tana da nata: inji ya fi zuƙar mai kafin ya yi zafi, mai kai yara makaranta a bayan layi kuwa yakan dawo gida injin bai gama ɗumi ba.

To, yaya ake aunawa? Da farko ka daina cewa "man dubu goma yana kai ni kwana uku." Farashi yana sauyawa, don haka naira ba ma'auni ba ce. Da lita ake lissafi.

Je gidan mai ka cika tanki har bututun ya tsaya da kansa. Rubuta lambar da agogon kilomita ya nuna. Yi zirga-zirgarka ta yau da kullum, kada ka sauya komai. Bayan kwana biyar ko shida koma gidan man nan, ka sake cikawa, ka rubuta litar da ta shiga da sabuwar lambar agogo. Cire tsohuwar lamba daga sabuwa, ka raba abin da ya fito da yawan lita. Misali, ka yi kilomita 300, tanki ya ɗauki lita 30. 300 a raba 30 ya ba da 10, wato kowace lita tana kai ka kilomita 10. A lura: motocin da suka fito daga Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Mutane da yawa sun zargi motarsu da shan mai saboda rashin sanin wannan.

Tunda dillali ba zai ba ka mota ka yi mako da ita ba, nemi maƙwabci ko direban haya mai irin motar, ku yi awon tare. Idan ka samu motoci biyu, kwatanta su. A ce kana yin kilomita 600 a wata. Mai kai ka kilomita 12 a lita za ta sha lita 50. Mai kilomita 8 za ta sha 75. Lita 25 ke nan kowane wata, kai ka san kuɗinta a yau.

Ƙaramin inji, kamar 1.0 ko 1.3 (lambobin da ke nuna girman inji ke nan), yakan fi 1.8 sauƙin mai a gari. Sai dai idan iyalinka da yawa, ga esi a watan Afrilu, ƙaramin zai yi ta nishi, kai kuma ka yi ta danna totur, ribar ta ragu. Tafi da makanikenka ranar saye ya duba fulogi da matatar iska, ya ga ko fitilar gargaɗin inji tana kunne. Iskar taya ma a duba, domin taya mai laushi tana ƙara shan mai.

Aikin gida

1. Mota ta yi kilomita 240, ta sha lita 20. Kilomita nawa lita ɗaya take kai ta?
2. Agogon wata mota 'yar Amurka ya nuna mil 100. Kilomita nawa ke nan?
3. Tambayi kuɗin lita a gidan man unguwarku, ka lissafa kuɗin lita 25, ka kawo amsar aji.