Kurakuran da sabon shiga ke yi da manhajar adana kalmomin sirri ta kyauta

Yawancinmu da kalmar sirri ɗaya muke yawo: ita ce ta Facebook, ita ce ta Gmail, wani lokaci har manhajar banki. Galibi sunan ɗa ne da shekarar haihuwa, ko lambar waya. Duk ranar da aka yi wa shafi ɗaya kutse, ɓarayi za su gwada ta a sauran. Manhajar adana kalmomin sirri tana ƙirƙira wa kowane asusu tasa mai tsawo, ta ajiye su a kulle, kai kuma ka riƙe guda ɗaya tak wadda ake buɗe ma'ajiyar da ita.

Tun wajen saukewa ake fara tuntuɓe. Mun saba mai shagon waya ya tura mana manhaja ta Xender, ko a jefo ta a guruf ɗin WhatsApp. Ban da wannan karon. Abin da za ka damƙa wa dukkan sirrinka, daga Play Store ko App Store kaɗai ake ɗauko shi, kuma a can ma sai ka duba sunan kamfanin da kyau. A farkon 2024 an kama wata ta bogi a App Store mai suna LassPass tana kwaikwayon LastPass, wata sananniyar manhajar adana kalmomin sirri, harafi ɗaya ne ya bambanta su.

Sai ruɗin kalmar "kyauta". Tun 2021 LastPass ta taƙaita tsarinta na kyauta ga nau'in na'ura ɗaya, ko waya ko kwamfuta. Bitwarden da Proton Pass kuwa, ko a tsarinsu na kyauta, ba sa ƙayyade yawan kalmomin da za ka ajiye ko na'urorin da za ka haɗa, kuma rubutun da aka gina su da shi a buɗe yake, masana na iya bincika shi. KeePass, wadda take nan tun 2003, ba ta kai komai intanet, fayil ne a na'urarka, amma idan ya ɓace ba ka da kwafi, shi ke nan. Ga mai farawa ni Bitwarden zan nuna masa. Wadda Google ta saka a Android da Chrome ma ta fi a ce kana maimaita kalma ɗaya a ko'ina, nesa ba kusa ba, muddin kai ka buɗe Gmail ɗinka da hannunka, ba wani ya buɗe maka ya san kalmar ba.

Babban kuskuren yana kan uwar kalmar, wato wadda ke buɗe ma'ajiya. Wani sai ya ɗauko tsohuwar ta Facebook ya sa. A 2022 masu kutse sun kwashe kwafin ma'ajiyoyin masu amfani da LastPass. A kulle suke, gaskiya ne, amma ƙarfin kullen daidai yake da ƙarfin uwar kalmar kowane mutum, don haka masu gajeriyar kalma su ne suka shiga haɗari. Ka haɗa kalmomi biyar da ba su da alaƙa da juna, ba karin magana ba, ba baitin waƙa ba, ba sunayen iyalinka ba, kuma kada ka taɓa amfani da ita a wani wuri.

Daga nan mantuwa ke biyo baya. Waya na buɗe maka ma'ajiyar da yatsa kullum, watanni su wuce ba ka rubuta kalmar ba, sai ranar da aka sace wayar ka nemi ta a ka ka rasa. Kamfanin ba zai aiko maka da ita ba, domin shi ma bai san ta ba, haka aka tsara abin da gangan. Rubuta ta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun fili. A takardar ka ƙara kalmar sirrin imel ɗinka, saboda idan ka shiga daga sabuwar waya akan aika lambar tabbatarwa zuwa imel, wanda kalmarsa ke cikin ma'ajiyar da ka kasa buɗewa.

Ka kunna wa ma'ajiyar tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri a sake neman wata lamba ta ɗan lokaci, kuma karɓar lambar ta manhaja irin Google Authenticator ya fi ta saƙon tes, tunda ana iya sace layi. Lambar ceton da za a ba ka, wadda za ka shiga da ita idan wayar ta ɓace, ita ma ta shiga takardar.

Idan ka kwaso tsofaffin kalmomi daga Chrome zuwa sabuwar ma'ajiyar, fayil ɗin da ya fito ba a kulle yake ba, goge shi da zarar an gama. Sannan kwasowa kaɗai ba ta gyara komai ba, raunanan kalmomin ne dai suka sake gida. Fara canza ta imel, sai ta banki, sauran ka bi su a hankali duk lokacin da ka shiga asusun.