Yadda ake bin sawun bayanai a Ceph da raba kwafinsu

Ceph, manhajar da ke rarraba ajiyar bayanai a kan sabobi da yawa, ba shi da rijistar da ke nuna inda kowane abu yake. Lissafi ake yi, da tsarin CRUSH wanda Sage Weil da abokan aikinsa suka gabatar a 2006. Duk kwamfutar da ke riƙe da taswirar sabobin tana iya gano wurin da kanta.

Fara da umarnin rbd info a kan faifan da kake nema. Ceph yana yanka faifan RBD (faifan da Ceph ke ƙirƙira wa kwamfuta daga ajiyarsa) gunduwa-gunduwa, kowace 4 MB idan ba a sauya ba, don haka faifai mai 10 GB zai iya kaiwa gunduwa 2,560. A sakamakon umarnin za ka ga farkon sunan da gunduwoyin suke ɗauka, mai somawa da rbd_data. Ƙara masa ɗigo da sifili 16, ka samu sunan gunduwar farko.

Sai ka rubuta ceph osd map, sunan rumbun (pool) da faifan yake ciki, sannan sunan gunduwar. A nan ne aikin yake. Ana niƙa sunan ya zama lamba, lambar ta jefa gunduwar cikin wani rukuni da ake kira PG, CRUSH kuma ya zaɓa wa rukunin faifai uku na zahiri a cikin sabobin, kowanne ya riƙe kwafi ɗaya. Na farkonsu shi ke karɓar rubutu ya aika wa sauran. Babban faifai yana samun kaso mai yawa, domin nauyinsa a taswira yana bin girmansa.

Yanzu duba ceph osd tree. A tsarin asali, kwafi ukun suna sauka a sabobi daban-daban, amma babu abin da ya hana sabobin su kasance a rak ɗaya, wato kantar da ake jera sabobi a ciki. Wuta ta ɗauke a rak ɗin nan, duka sun tafi. A ganina wannan ne aka fi sakaci da shi.

Gyaransa: ƙirƙiri kowane rak da ceph osd crush add-bucket, ka sa shi ƙarƙashin default (tushen taswirar), ka shigar da sabobinsa da ceph osd crush move. Daga nan ka kafa doka da ceph osd crush rule create-replicated, ka ba ta rack a matsayin iyakar rabo, ka ɗora ta a kan rumbun da ceph osd pool set.

Kada ka taɓa wannan sai kana da rak uku aƙalla, in ba haka ba kwafi na uku zai rasa masauki. Kuma bayanai za su yi ta ƙaura bayan sauyin, saboda haka ka bari sai dare, lokacin da masu amfani suka ragu.