Inda Ya Kamata Waya Ta Kwana

A shekarar 2011 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tururin wayar salula (igiyoyin rediyo da take fitarwa) a rukunin 2B, wato abubuwan da ake zargi amma ba a tabbatar suna haddasa cutar ba. Ƙarfin tururin yana raguwa sosai da nisa, saboda haka ka ajiye wayar kamu biyu ko uku daga kanka, ba ƙarƙashin matashi ba. Idan ƙararrawar asuba kaɗai kake buƙata, ka sa wayar a yanayin jirgin sama, wato tsarin da ke katse sadarwarta, domin ƙararrawar za ta buga duk da haka. Abin da ya fi damuna shi ne caji a kan katifa, inda zafin batir ba ya samun mafita.