Ku riƙa naɗar kiɗanku kafin ku ce kun iya waƙa

'Yan uwa masu koyon fiyano na dijital, maɓallin naɗa da ke jikin na'urarku ba ado ba ne, don Allah ku yi amfani da shi. Yayin da yatsu ke aiki kunne ba ya faɗin gaskiya. Sai ka saurara daga baya za ka ji inda ka yi gaggawa, da inda feda (abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya daɗe) ta cakuɗa sautuka.

Naɗa iri biyu ce: MIDI da WAV. MIDI ba ta ɗaukar sauti sam, abin da take rubutawa shi ne wane maɓallin fiyano ka danna, yaushe, da wane ƙarfi, da lokacin da ka taka feda. Shi ya sa za ka iya rage saurin kiɗan ba tare da muryarsa ta sauka ba, ko ka mayar da fiyano ya zama molo ko goge bayan ka gama. Don koyo ni ita na fi so, nesa ba kusa ba. A na'ura irin Yamaha P-125 ana naɗar hannun hagu daban, sai ka kunna shi kana bi da dama. WAV kuwa sautin ne kansa, shi ake tura wa malami a WhatsApp, sai dai yana cin wuri, kusan megabait 10 a minti ɗaya.

A kula: ƙananan na'urori da yawa waƙa ɗaya kacal suke riƙewa, sabuwa tana goge tsohuwa. Wadda ta yi maka daɗi, kwashe ta zuwa kwamfuta ko filashi tun kafin ka sake danna maɓallin naɗa.